Yafiyar da Kawu Ya Bari a Ƙasan Bene

Daga Allah muke, wurinsa za mu koma, kuma Kawu ya riga mu tafiya. Mun kai shi makwancinsa a hayin New Jersey, muka dawo Bronx muka zauna karɓar gaisuwa a gidansa, maza a falo, mata a ɗakin ciki. Ban taɓa ganin zaman makoki irin wannan ba. Mutum zai shigo fuska a ɗaure, ya durƙusa ya yi addu'a yadda ya kamata, ya yi mana ya haƙuri mu amsa, can sai ka ga kafaɗunsa suna rawa. Ka ɗauka kuka ne, ashe wata tsiyar ya tuna da Kawu ya taɓa yi masa.

Wata Hajiya 'yar Kumasi mai sayar da atamfa ta ce shekara da shekaru yana kwaikwayon yadda take ciniki, har 'ya'yanta in suna son ba ta haushi sai su ce Kawu ya fi ta iya muryarta. Wani tsohon Bakano mai tuƙin tasi, wanda kullum suke sa-in-sa da Kawu a ƙofar masallaci, ya zauna a bakin ƙofa yana ta faɗa. Ya ce Badamagaren nan bai taɓa cika alkawari ba, Kawu ne ya yi rantsuwa sai ya ga bayansa, ga shi ya sulale ya bar shi. Yana gama faɗa ya ja hularsa ya rufe fuska, muka ƙyale shi ya yi kukansa.

Mutum ɗaya ce ba ta yi ko murmushi ba, Tanti, matar Kawu. Ta aika aka kira ni, ta sa na tura ƙofa. Ita 'yar Maraɗi ce, kuma duk daɗewarta a Amurka harshenta bai gusa ba ko kaɗan.

"Ɗiyata, liman ya tambaya gaban gawa, kowa ya ce ya yahe mishi," in ji ta. "Mutum guda ya rage, kuma shina ƙasan benen ga. Kin gani asibiti yadda shike nuna ƙasa da hannu. Ku kun ɗauka kabari shike nuhi. Ni na san wa shike nuhi."

Ni ma na sani. Shanyewar jikin da ta kwantar da Kawu ta fara da ƙwace masa magana, don haka bai iya kiran suna ba, amma duk wanda ya zauna a gidan nan ya san tsakaninsa da dattijon da ke ƙasa. Tanti ta ce ba za ta iya runtsawa ba muddin mijinta yana kwance da haƙƙin wani a wuyansa, kuma ni ce mai Turancin da zan je in nemo masa yafiya. Kafin in faɗi yadda muka ƙare, bari in faɗi wane ne Kawu, don bana so a manta da shi, kuma bana so a tuna da shi rabi.

Yayan mahaifiyata ne. Su 'yan Damagaram ne, ita aure ya kai ta Kano, a can aka haife ni. Wannan kuwa ya jawo mini wahala a hannunsa, domin tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa tun na kakanni, irin wanda kowa ke da ikon tsokanar ɗan'uwansa ba a yi fushi ba. Ranar da na sauka a ƙasar nan zan fara karatun jinya, shi ya je ɗauko ni. Ko sannu da hanya bai yi mini ba, sai ya ɗaga akwatina ya jijjiga, ya ce a buɗe a gani, Bakanuwa ba ta taɓa tafiya ba haja. Daga nan har gida da Kananci ya yi mini magana, yana haɗiye rabin kalma yana tafa hannu kamar ɗan kasuwar Kwari. Ni mai saurin hawa ce, na cika na yi fam. Ya dube ni ya ce in adana fushin, ai a wurinmu shi ma na sayarwa ne.

Kunne Allah Ya ba shi. Bokonsa ba shi da yawa, amma shekarun da ya yi tsaye a Canal Street da teburin tabarau da agoguna sun zame masa makaranta. In ka yi masa sallama kawai zai gaya maka ko daga Tawa kake, ko Zariya, ko zangon Kumasi, sannan ya amsa maka da harshen garinku har ka juya ka duba ko wani ɗan'uwanka ne a baya. Da ya samu shago kusa da Fordham Road yana sayar da jallabiyoyi da darduma da turare, mutane da yawa ba sayayya ke kai su ba. Zuwa suke a yi musu tsiya su ji daɗi.

Kuma ya yarda da wannan baiwa tasa fiye da kima. Akwai shekarar da 'yan Nijar da 'yan Najeriya suka yi rikici a masallacinmu kan wanda zai ja sallar idi, har aka fara maganar raba jam'i. Kawu ya miƙe a tsakiyar taro ya maimaita rikicin daga farko, shi ne wannan ɓangaren, shi ne wancan, har da tarin liman da gyaran babbar rigar shugaban kwamiti. Aka yi dariya har da masu riƙe ciki, aka tashi ba wanda ya iya komawa kan bakansa. Tun daga ranar ya ɗauka babu ƙullin da kwaikwayo ba zai kwance ba. Yakan ce shi ba ya wasa da bare, in ya kwaikwaye ka to ya sa ka cikin dangi.

Dattijon ƙasa shi ne mai kula da ginin da suke haya, abin da a nan muke kira sufa. Mutumin Ireland ne, dogo, jajir, matarsa ta rasu, kuma duk 'yan ƙasarsu da suka cika unguwar a da sun tashi sun bar shi. Haɗuwarsu da Kawu a kan bututun ɗumama ɗaki ce. Ya lalace cikin tsananin sanyi, Kawu ya sauka kai ƙara, Turanci ya ƙare masa, sai kawai ya tsaya ya yi kukan bututun da bakinsa, da ƙwanƙwasar da fitar iskar da ɗan shirun da yake yi kafin ya sake. Dattijon ya yi dariya har ya zauna a kan matakala, ya ce ya gane abin da ya lalace tun bai gani ba. Kawu ya naɗa shi Sarkin Famfo a wurin, sunan kuma ya bi shi har yara.

Sarkin Famfo yana da tarin tsofaffin kaset-kaset na bidiyo na gajerun wasannin ban dariya na Ingila, tun zamanin da ya yi aikin gini a Landan yana saurayi. Duk Lahadi bayan la'asar Kawu zai sauka da butar shayinsa da ƙananan kofuna, shi kuma ya dafa nasa mai madara, kowa yana kushe na ɗan'uwansa. Abin da ya fi kama Kawu a wasannin nan shi ne gano cewa Bature ma yana da Sakkwatancinsa da Kanancinsa. Dattijon yakan tsayar da kaset ya ce wannan harshen Liverpool ne, wancan na Glasgow, wannan kuma na masu kuɗin Landan da ke magana kamar an sa musu dankali mai zafi a baki. Kawu ya dawo sama yana ta mamaki, ya ce ashe duk duniya gari guda ce, kowa yana da wanda yake yi wa dariya.

A nan ya yi kuskurensa, kuma kuskure ne irin namu. A cikin wasannin akan fito da wani leburan gini ɗan Ireland, wawa, mashayi, wanda komai aka sa shi sai ya juya shi. Duk sanda aka zo wurin, Sarkin Famfo sai ya tashi ya ce bari ya duba ruwan shayi, ko ya tura kaset ɗin gaba. Kawu ya lura, don babu abin da yake wuce idonsa. Amma sai ya fassara abin da Hausa. Ya ɗauka mutanen Ingila da mutanen Ireland abokan wasa ne kamar Kanawa da Damagarawa, tashin da dattijon yake yi kuma irin fushin ƙaryar nan ne da Bakano yake yi in an fara ba da labarinsa. Ya ari kaset ɗin, ya yi ta kallo a shago har ya haddace tafiyar da muryar.

A walimar sunan 'yata ta fari ya fito da shi. Mun kama zaure, an cika, Kawu da kansa ya gayyato Sarkin Famfo ya zaunar da shi a sahun dattawa. Ya yi Basakkwace aka yi dariya, ya yi Hajiyar Kumasi, ya yi ni ina faɗa da mijina. Sannan ya ce yau akwai babban baƙo da zai karrama. Ya karkata hula, ya fara tangaɗi, ya saki wannan muryar. Mutanenmu ba su fahimci rabin abin da yake faɗa ba, amma tangaɗin ya ishe su, zaure ya ɗauka, wasu har suna nuna dattijon da yatsa. Ina kallon fuskarsa. Bai yi ja ba, fari ya yi. Ya miƙe a hankali, ya je ya yi wa Tanti godiya, ya sa wa jaririyar albarka irin tasu, ya fita.

Ranar na yi wa Kawu rashin kunyar da ban taɓa yi masa ba, kuma har yau ina ganin ni ce da gaskiya. Na ce ya kira mutum cikin baƙin da bai sani ba ya mai da shi abin dariya. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce ni yarinya ce, kuma Bakanuwa, mi na sani? Girmama mutumin ya yi, ya shigar da shi dangi a gaban kowa, gobe zai huce ya zo ya rama. Muka rabu kowa yana huci.

Gobe ta zo bai rama ba. Lahadi ta zo, Kawu ya sauka da butarsa, ya dawo da ita ba a ɗora ba. Tanti ce ta ba ni labarin abin da ya faru, don shi bai iya maimaitawa ba sai a wurinta. Dattijon bai bar shi ya shiga ba, a bakin ƙofa suka tsaya. Ya gaya masa cewa a Landan, shugaban leburorinsu da wannan muryar yake gaishe shi kowace safiya a gaban ma'aikata, shi kuma dole ya yi murmushi. Ya ce akwai gidajen haya da yana buɗe baki ake cewa ɗaki ya ƙare. Abin da ya fi ci masa rai, ɗansa da aka haifa a can ya kankare harshen gidansu tas, har ya taɓa roƙonsa in ya zo makarantarsu kada ya yi magana. Kawu ya tambaye shi abin da kowane Bahaushe zai tambaya, shi bai taɓa ramawa ba? Dattijon ya ce ya rama da me, in an kore shi ya kwana a ina?

Tanti ta ce Kawu ya hawo ya zauna a bakin gado. Sannan ya fara da "to" irin ta Faransanci, ya ce mata, "Bon. Ashe ba wasa ba ne. Mu in na zagi Bakano, gobe shina jirana ƙohwar masallaci. Wanga ba shi da inda zai jira kowa. Duka ne na taya su yi mishi, gaban mutanena."

Ya koma ya ba da haƙuri, ba sau ɗaya ba. Kowane zuwa dattijon zai ce ba komai, ya wuce. Da wani ne da ya karɓa ya kama gabansa, amma Kawu da kunne yake rayuwa, ya san yadda muryar mutumin take in da gaske ba komai. Suka ci gaba da gaisawa a matakala. In famfo ya lalace zai hawo ya gyara, in an yi layya Kawu zai aika da cinya a karɓa a yi godiya. Zaman Lahadi ne dai bai sake dawowa ba. Shekaru suka yi ta tafiya a haka, 'yar da aka yi wa sunan har ta shiga sakandare.

Abin ya canza Kawu ta inda ban zata ba. Ya daina kwaikwayon 'yan Sin ɗin da ya yi maƙwabtaka da su a Canal Street, ko an roƙe shi. Ya daina kwaikwayon Hausar yaranmu da aka haifa a nan, wadda a da ita ce ta fi ba mutane dariya, su da za ka yi musu magana da Hausa su amsa da Turanci. Wata rana 'yata ta yi ƙarfin hali ta gaishe da baƙi da karyayyiyar Hausarta, wani ya maimaita yana ƙyaƙyatawa, Kawu ya tsare shi da ido ya ce in ya sake zai yi masa Turancinsa a gaban matarsa. Mu Kanawa kuwa bai taɓa ɗaga mana ƙafa ba har ya kwanta ciwo, ya ce mu muna da bakin ramawa har ya yi mana yawa.

To wannan ne mutumin da Tanti ta aike ni in nemo wa yafiya. Na sauka bayan azahar, ban san abin da zan yi ba in ya sake ce mini ba komai. Ya tsufa ƙwarai, ya bar aiki amma an bar masa ɗakin. Ya ce ya ji rasuwar, ya ga takalma a matakala, bai hawo ba ne don bai san ko irinsa yana shiga ba. Na yi masa bayanin al'adarmu, cewa Allah Yana yafe abin da ke tsakaninsa da bawa, amma abin da ke tsakanin mutum da mutum sai mai shi ya yafe da bakinsa. Ya ce mutumin ya riga ya tafi, me maganarsa za ta ƙara masa? Raina ya ɗan ɓaci. Na ce a wurinsa ƙila magana ce kawai, a wurinmu kaya ne a kan Kawu, kuma akwai tsohuwa a sama da ba ta barci. Sai ya ce in jira shi ya sa riga.

Da ƙyar ya hau benen. Ya cire takalmi ba wanda ya gaya masa, ya tsaya a tsakiyar falo, dogo cikin baƙar kwat, maza zaune a ƙasa suna kallonsa. Aka buɗe ƙofar ɗakin ciki don Tanti ta ji. Na tsaya a gefensa zan yi tafinta. Sai na ga ya dafa ƙugu da hannu ɗaya, ya ɗan ranƙwafa, ya ɗaga gira, ya kara tafin hannu a kunne kamar waya. Muryar da ta fito ba tasa ba ce. Kawu ne sak yana ciniki da dillalin turare, da Turancinsa mai haɗe da Faransanci, da "bon, bon" ɗinsa, da tsakin da yake ja in an faɗi farashi, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya yi rantsuwa.

Liman ya haɗe gira, ni kuma na ɗauka ramuwa ya zo yi a kan mamaci. Tsohon Bakanon nan ne ya fara fashewa da dariya, hawaye yana bin gemunsa, ya ce a bar shi, abokin wasa ne, haƙƙinsa ne. Dattijon ya miƙe tsaye, ya koma muryarsa, ya ce mini in gaya musu ya daɗe yana yin wannan shi kaɗai a ɗakinsa. Sau da yawa ya yi niyyar hawowa ya yi wa Kawu a fuskarsa, girman kai ya hana shi, yana ganin akwai sauran lokaci.

Daga ciki Tanti ta ce, "Mun ji. Amma ku ce mishi ya hwaɗi da bakinshi."

Na fassara. Ya juya ya fuskanci ƙofar ɗakin, ya ce ya yafe, ya yafe duka, ba abin da ya rage. Na maimaita da Hausa da ƙarfi don kowa ya zama shaida, na ji Tanti ta sauke ajiyar zuciya tana hamdala. Na ɗauka an gama. Sai ya riƙe hannun rigata ya ce saura tambaya ɗaya. Shi da ya bar mutum yana ƙwanƙwasa masa ƙofa shekara da shekaru, a al'adar tamu wa zai yafe masa?

Ban so fassara wannan ba, amma na fassara. Liman ya sunkuyar da kai, don ya san ba mai yafewa a madadin mamaci. Tanti ce ta yi magana daga ciki.

"Wanga ba ni da ikon amsa shi," in ji ta. "Amma na san mijina. Da shina nan zamne, ba zancen yahiya zai tsaya yi ba. Cewa zai yi ba ka iya ba, tarin ga ba haka shike ba, ka sake."

Na gaya masa. Ya kalli ƙofar. Sannan ya goge ido da bayan hannu, ya dafa ƙugu, ya gyara tarin, ya sake daga farko.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya isar masa da wannan yafiya inda yake kwance, Ya yafe masa sauran da ba mu sani ba.